Kuɗin lensi ɗaya gare ni, wanne zai yi min gida da tafiya?

Bazazzagi_22:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah waɗanda suka san harkar kyamara ku ba ni shawara kafin in kai kuɗina inda zan yi da-na-sani. Canon 700D gare ni, ta hannu na saya wajen abokin yayana tare da ɗan lensin nan 18-55 da take zuwa da shi (lambobin milimita ne, ƙarama tana ɗaukar faɗi, babba tana jawo nesa), yau kusan shekara biyu ke nan, kuma ba sana'a nake yi da ita ba sha'awa ce kawai, hoton yaran gida, suna, walima, ko in mun fita da abokai.

Abu biyu ne suka dame ni. Ranar hawan Sallah na samu waje a ƙofar fada, cunkoso ba a magana ko motsi ba ka iyawa, da aka fara jafi na murɗa zum har ƙarshe ina ta ɗauka ina murna, sai da na dawo gida na buɗe a kwamfuta na ga mahayan duk 'yan mitsi-mitsi. Akwai wani mai farin doki, rawaninsa da kunne biyu alkyabba tana tashi a bayansa, a idona ya cika filin amma a hoton sai ka yi ta nemansa cikin kawunan mutane. Wallahi abin ya yi min ciwo. Na biyu kuma daren kamun ƙanwata, a tsakar gida da ƙwan lantarki biyu, rabin hotunan dishi-dishi suka fito, in kuma na kunna filasha fuska ta yi fari fat baya ya yi baƙi ƙirin.

To in Allah ya yarda ƙarshen shekara za mu je Yankari, daga nan mu wuce Gembu wajen abokinmu da yake bautar ƙasa. Wani ya ce in sayi 75-300 don yana da araha, wani ya ce Tamron 18-400 in huta gaba ɗaya, wani kuma ya ce 50mm shi ne magana. Kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗaura in bar shi a jiki, gida da hanya? Na gode.

TsohonMaiHoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tun zamanin fim nake wannan aikin, lokacin da hoto 36 ne a nadi ɗaya kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, don haka bari in gaya maka abin da zan gaya wa yaron shagona. Ka nemi Canon 18-135, wanda aka rubuta STM a jikinsa, wato sunan irin injin da yake juya fokas. Akwai tsohon na 2009 da babu STM, akwai na 2012 mai STM, akwai na 2016 mai wani injin fokas da ake kira USM wanda ya fi tsada. Na tsakiyar ya ishe ka, fokas ɗinsa ba ya yin ƙara kuma ya fi tsohon kaifi.

Amma ka fara gane abu ɗaya tukuna, don shi ne yake rikita yara da yawa. Sensar 700D, wato farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara, ƙarama ce, ba irin ta manyan kyamarorin Canon su 5D da 6D ba, saboda haka duk lambar da ka gani a jikin lensi ka ninka ta da 1.6 kafin ka san yadda zai gani a kyamararka. Wato 18 ɗinka kamar 29 ne, 55 kamar 88, shi kuma 135 ya kai kamar 216. Ka ga daga 55 zuwa 135 mahayin nan naka zai ninka girma kusan biyu da rabi a cikin hoto, kuma kyamarar megafiksel 18 ce, za ka iya ƙara yanke gefe kaɗan bai lalace ba. A ɗaya ɓangaren kuma 18 ɗinka yana nan ba ka rasa shi ba, shi za ka buƙata a Mambila, can wajen Gembu, in ka tsaya kan tudu kana son kwari da hazo da gonar shayi su shiga gaba ɗaya. Nauyinsa giram 480, wuni guda a wuya ba zai gajiyar da kai ba.

75-300 kuwa ka bar shi inda ka gan shi. Arahar ce take jan mutane, amma ba shi da IS, wato abin da yake riƙe rawar hannu, kuma a 300 ko numfashi ka yi sai hoton ya nuna. Sannan daga 75 yake farawa, a cikin gida ba zai yi maka komai ba. 18-400 ɗin Tamron ba na kushe shi, na ga masu amfani da shi suna jin daɗi, sai dai ya wuce giram 700, a can ƙarshensa f/6.3 ne (lambar buɗewar lensi ke nan, in ta yi girma ƙofar hasken ta tsuke) haske kaɗan yake shiga, kuma duk lensin da aka ce ya yi aikin huɗu to dole wani waje ya yi laushi. Ga tsada. Da kuɗinsa sai ka sayi biyu masu kyau na hannu.

AntiMaiKyamara:

Baba barka da dare, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa haka ne amma ka bar masa rabin matsalarsa, maganar daren kamu. Ƙanina ka saurare ni da kyau don ni aikina ke nan, kamu da wuni da buɗar kai, wajen da maza masu hoto ba sa shiga. 18-135 ba zai gyara maka hoton dare ba ko kaɗan, buɗewarsa iri ɗaya ce da ta wanda kake da shi, f/3.5 zuwa f/5.6. Mutane suna ɗauka IS zai cece su, to IS rawar hannunka kawai yake tsayarwa, ba ya tsayar da amarya in ta juya kai ko ƙawaye in suna rawa. Abin da yake tsayar da motsi shi ne shata mai sauri, wato labulen da yake buɗewa ya rufe lokacin ɗaukar hoto, shata mai sauri kuma sai da haske.

Nan ne 50mm f/1.8 yake da ranarsa. Tsakanin f/1.8 da f/5.6 haske ya kusa ninki goma, ba wasa ba. A ƙwan lantarki biyun nan naka da shi za ka samu fuska tas, lallen hannu ya fito da zanensa, bayan kuma ya narke yadda mutane suke so. Giram 160 ne kacal, kuma a lensin Canon na asali da wuya ka samu wanda ya fi shi araha. In za ka saya ka ɗauki STM na 2015 mai bakin ƙarfe, wanda ya gabace shi bakinsa roba ne.

Amma zan gaya maka gaskiya don kar gobe ka ce Anti ba ta faɗa ba, a kyamararka 50 ɗin 80 ne kamar yadda Baba ya yi lissafi. Na taɓa shiga ɗakin amarya da shi kaɗai, ɗakin ya cika da gado da wadirof da jeren kwanuka, ƙawaye shida suka jeru suna jira, na ja baya na ja baya har bayana ya bugi bango amma mutum uku kawai suke shiga, dole na raba su gida biyu. Tun ranar nake yawo da EF-S 24mm f/2.8, ɗan falalen nan mai giram 125, in ka ɗaura shi kyamarar kamar ba ta da lensi. Shi a taka kamar 38 ne, daidai yadda ido yake ganin ɗaki. Sai dai haskensa bai kai na 50 ba, ninki biyu kawai ya fi 18-55 ɗinka in ka sa shi a 24. Ni dai a ganina kowanne zum ka saya, ka yi ƙoƙari ka tara ka ƙara 50 ɗin nan daga baya.

dan_bauchi_gaji:

Slm. Ni da girmamawa ban yarda da Baba ba a nan. Mutumin nan ya ce Yankari zai je fa. Na sha shiga dajin nan, dabbobi ba zuwa suke su tsaya maka a gefen mota ba, banda gwaggon biri da suke yawo cikin sansanin Wikki suna neman abin da za su fizge, sauran daga nesa za ka hango su wajen kogin Gaji musamman da rani in ruwa ya janye, kuma ba a barin ka ka sauka ka matsa yadda kake so. 135 ya yi kaɗan. Kana da 18-55 a hannu, me zai sa ka sake sayen 18 zuwa 55 a karo na biyu? Ka ɗauki EF-S 55-250 IS STM, a kyamararka ya kai kamar 400, yana da IS, ba nauyi, kaifinsa ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba kuma yawanci ya fi 18-135 sauƙi a kasuwa, canjin da ya rage ka cika ka sayi 50 ɗin da Anti ta ce shi ke nan ka rufe ko'ina. Ko a hawan ma 250 ne zai ciro maka fuskar mahayi da adon doki, ka sa shata 1/1000 na daƙiƙa tunda rana ce akwai haske.

TsohonMaiHoto:

Ɗan Bauchi maganarka tana kan hanya, a lissafin takarda ka fi ni gaskiya, kuma 55-250 lensi ne mai kyau ba musu. Amma ka duba lokacin da ya ce zai yi tafiyar, ƙarshen shekara, tsakiyar hunturu. Ka taɓa cire lensi a bayan buɗaɗɗiyar mota tana tafe kan turɓaya iska tana kaɗawa? Na yi, a wani taro cikin ƙura na canza sau uku kawai, washegari duk hoton da sama ta fito a ciki sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a waje ɗaya, sai da na kai aka goge sensa. Sannan shi jafi ba ya jiran kowa, doki yana can nesa kafin ka ƙifta ido ya iso gabanka, mai 55-250 a lokacin kan doki kawai zai samu, mai 18-135 ya murɗa baya ya ɗauki doki da mahayi da 'yan kallo. Yankari kwana biyu ko uku zai yi, sauran kwanakin shekara fa? Shi ya ce wanda zai ɗaura ya bari a jiki yake nema. Na ga mutane da yawa sun sayi lensi biyu, ɗaya yana kwance a jaka har ya yi funfuna.

Bazazzagi_22:

Kai, Allah ya saka da alheri Baba, Anti da kai ɗan uwa, yau na koyi abin da shekara biyu ban sani ba, musamman maganar 1.6 ɗin nan. Zuciyata ta fi karkata ga 18-135 saboda na san halina, in abu yana cikin jaka ba fito da shi zan yi ba. To na hannu zan saya, me zan duba kar a sayar min da matacce?

AntiMaiKyamara:

Kar ka yarda a aiko maka ta mota ba ka gani ba, ka je da kyamararka da batir cike. Da farko ka cire murfi gaba da baya, ka kunna tocilan waya ka haska ta ciki kana juya shi a hankali. 'Yar ƙura ƙwaya-ƙwaya ba komai ba ce kusan kowane zum yana da ita, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko farin hazo a jikin gilas to funfuna ce, ka ajiye musu kayansu ko nawa aka rage maka, don yaɗuwa take kuma in ta ci gilas ko an wanke tabon yana nan. Sai ka ɗaura ka gwada fokas kusa da nesa, a 18 da kuma a 135, ka ɗauki allon wani shago mai rubutu ka zuƙo hoton ka duba gefen hagu da dama, in ɗaya ya fito ɗaya ya dushe to ya taɓa faɗuwa. Ka kunna IS a 135 ka danna maɓalli rabi kana leƙawa, za ka ga hoton ya daina rawa ya natsu, in bai natsu ba ya mutu. Ka duba bakin da ake ɗaura filta ko ya lotsa.

In ka saya ka haɗa da filta mai lamba 67 da hular lensi da 'yar robar hura iska, kuma dan Allah kar ka goge gilas da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce karce take yi, ka hura tukuna sannan ka goge da ƙyallensa. Gembu kuma akwai sanyi da laima, ka tara 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi ka zuba a jakar.

dan_bauchi_gaji:

To shi ke nan na sallama, amma abu ɗaya kafin ka biya. Ka buɗe hotunanka na baya a kwamfuta ka duba bayanin kowanne, yana nuna a milimita nawa ka ɗauka. In ka ga yawanci a warwatse suke tsakanin 18 da 55 to bi maganar Baba, in kuwa kusan duk a 55 suke maƙale to nesa kake nema, ka dawo mu sake magana. Kuma ka sani 18-55, 18-135, 55-250 da 24 duk EF-S ne, wato na kyamarori masu ƙaramar sensa, banda 50 ɗin, ranar da ka koma 6D ko 5D ba za su hau ba.

Bazazzagi_22:

Na duba yanzu, na hawan Sallah kusan duk 55 ne amma na gida da na yawo yawanci 18 zuwa 35. Asabar in sha Allahu zan shiga Kano da kyamarar in gwada guda biyu da aka ce min akwai. Anti in na haska na ga abin da ban gane ba zan ɗauko hotonsa in saka a nan ki duba min kafin in ba da kuɗi.