Kaifi, dafi ko tsanani? Neman kalma kan murar tsuntsaye

1/ Jama'a, kalma ɗaya nake nema. A rubuce-rubucen likitocin dabbobi kan murar tsuntsaye, da wuya ka wuce shafi ba ka ci karo da "virulence" ba. Abin da take nufi shi ne irin ɓarnar da ƙwayar cuta ke iya yi wa jikin da ta shiga. Ban da saurin yaɗuwa, ban da yawan waɗanda ta kama, waɗannan maganarsu daban. A rediyo an fi cewa "mai tsanani" ko "mai ƙarfi", ni kuwa duka biyun ba su kwanta mini ba.

2/ Kafin a zaɓi kalma sai an san kayan da za a ɗora mata. Gidan wannan ƙwaya na asali hanjin tsuntsayen ruwa ne, agwagin daji da dinya da ire-irensu, kuma galibi ba ta ko kwantar da su. A bayanta akwai furotin iri biyu, H da N. A tsuntsaye an san H guda 16, N guda 9, shi ya sa kuke jin H5N1 ko H7N9. Furotin H shi ke buɗe mata hanya ta shiga ƙwayoyin jiki, amma ba ya aiki sai an datsa shi gida biyu. A irin da aka saba da shi, sinadaran da ke iya wannan datsa suna hanyar numfashi da hanji kawai, don haka cutar nan take tsayawa: ɗan tari, ƙwai ya ragu, shi ke nan.

3/ Matsalar tana wajen H5 da H7. Idan suka daɗe suna zagaye cikin kajin gona, wani lokaci sai a samu ƙari a daidai gurbin da ake datsawar. Da zarar haka ta faru, wani sinadari mai suna furin, wanda ke kusan ko'ina a jiki, shi ma zai iya datsawa. Daga nan ƙwayar ta samu shiga ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta da jijiyoyin jini. Mai gona ya rufe ɗakin kaji da magariba suna cin abinci, da asuba ya tarar da su birjik a ƙasa, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwauri da ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata. An ga juyi daga mai sauƙi zuwa mai kisa ƙuru-ƙuru a jihar Fensilbeniya ta Amurka a 1983: H5N2 ta ɓulla a watan Afrilu tana kisa kaɗan-kaɗan, zuwa Oktoba ta rikiɗe, sai da aka hallaka tsuntsaye kimanin miliyan 17 kafin a shawo kanta. Sunanta bai canza ba, H5N2 ce farko da ƙarshe. To mene ne ya ƙaru a jikinta? Sunan wannan abin nake nema.

4/ "Tsanani" siffar ciwo ce a jikin majinyaci. Ƙwaya guda za ta kashe kaza cikin kwana biyu, agwagwa kuma tana ɗauke da ita tana ta wanka a kududdufi. "Ƙarfi" kuwa ya riga ya yi mana aiki da yawa: cuta ta fi ƙarfin magani, ƙwaya mai ƙarfin jure sanyi. In muka ƙara masa wannan, mai sauraro ba zai san wanne ake nufi ba.

5/ Wani malaminmu ya kawo "dafi", da hujjar cewa tushen kalmar a Latin guba yake nufi. Allah ya gafarta Malam, hujjar ta yi, kuma "ƙwaya mai dafi" tana da daɗi a baki. Abin da ya hana ni karɓa shi ne inda za ta kai tunanin mai kiwo. Bahaushe in ya ji dafi, makari yake nema, ga masu tallar magani a kasuwa a shirye suke su sayar masa. Sannan zai ɗauka akwai wata guba da ke zama cikin nama ko an dafa. Alhali wannan ƙwaya ba ta zuba guba, hayayyafa take yi har ta lalata gaɓoɓi, kuma dahuwa sosai tana kashe ta. Haɗarin yana wajen yanka da fige da taɓa mushe, ba a cikin tukunya ba.

6/ Ni dai "kaifi" na tsaya a kai, kuma ba ƙirƙirata ba ce. Shekara da shekaru muna jin "maganin rage kaifin cutar ƙanjamau", ba wanda ya taɓa tambayar me ake nufi. Ga shi kalmar ta zo da danginta: kaifi yana ƙaruwa, yana raguwa, ana wasa shi, yana dakushewa. Abin da masana ke kira abubuwan da ke haddasa wannan hali, sai mu ce "masu wasa kaifin ƙwayar". Gurbin datsa H shi ne babbansu a kaji. Akwai furotin NS1 da ke toshe kiran gaggawar da jiki ke yi wa garkuwarsa. Akwai kuma canjin nan guda tak a furotin PB2, a matsayi na 627, wanda ke ba ƙwayar da ta saba da zafin jikin tsuntsu, digiri 40 da ɗoriya, damar hayayyafa a hancin mutum inda zafin bai wuce 33 ba.

7/ Da farko na so a ce "mai kaifi" da "dakusasshiya" don rabe iri biyun. Wata likitar dabbobi ta ce a kul, in manomi ya ji dakusasshiya zai saki jiki. Hajiya, kin fi ni gaskiya, kuma ga H7N9 shaida. Ta ɓulla a ƙasar Sin a 2013, kaji na ɗauke da ita a kasuwa ba alamar komai, amma ta kama mutane sama da 1,500, kusan kashi 40 cikin ɗari suka rasu. Ai ma'aunin da hukumomi ke amfani da shi a kan kaji ake yinsa: a yi wa 'yan kaji allurar ƙwayar, a sa musu ido kwana 10, a ga nawa suka kwanta, nawa suka mutu. Wuƙar da ba ta yanka igiya ba tana iya yanka yatsa. Saboda haka kalmar ba za ta fita ita kaɗai ba, kullum sai an faɗi ga wa: "mai kaifi ga kaji", "mai ƙarancin kaifi ga kaji". Dakusasshiya kuma na janye ta.

8/ Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya tambaya ko a nan wajenmu ne ƙwayar ta yi kaifi. A'a, da kaifinta ta iso. Zuriyar H5N1 ɗin da ta addabe mu an fara gano ta ne a jikin dinyar gida a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996, ta kama mutum 18 a Hon Kon a 1997, 6 suka rasu. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karon farko a Afirka, kafin watan ya ƙare ta bayyana a Magarya, Jamhuriyar Nijar. Binciken ƙwayoyin halittarta ya nuna ba sau ɗaya ta shigo Najeriya ba, kuma waɗanda suka shigo sun cakuɗu da juna a nan.

9/ Wannan cakuɗa ita ce kalma ta gaba. Kundin halittar ƙwayar sassa 8 ne, in iri biyu suka haɗu a jikin tsuntsu ɗaya sai su yi musayar sassan, sabuwa ta fito. Wasu sun ce "'yar ruwa biyu", ni na fi karkata ga "musayar sassa", domin wadda ke yawo yanzu, har ta shiga shanun madara a Amurka a 2024, ruwanta ya fi biyu. Masu kiwo da malaman asibitin dabbobi, wacce za ku iya faɗa wa mai kaji a kasuwa ya gane?