Dan Allah meye bambancin drag on da drag out?

Ɗan Jahun:
Salam 'yan uwa. JAMB nake shiri kuma nan ƙauyenmu ba wani lesin, ni kaɗai nake fama da tsofaffin tambayoyi in na dawo daga gona. Waɗannan drag on, drag out da spin out duk gani nake abu ɗaya suke nufi wato abu ya yi ta tsawo ya ƙi ƙarewa, to in suka haɗu a tambaya ɗaya wanne mutum zai zaɓa? Har da wani eke out ma da nake yawan gani. A taimaka.

Malamin Turanci, Ringim:
Wa alaikumus salam ɗalibi. Ka fara tambayar kanka, akwai mai jan abin ko shi kaɗai yake jan jiki? In shi kaɗai ne ya ƙi ƙarewa har kowa ya gaji, drag on ne, kuma ba a sa masa object, wato abin da aikin ya faɗa wa. Ka tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, sai ka ce the strike dragged on for eight months. Amma in wani ne da gangan yake jan ƙafa, kamar shari'ar gona da wanda ke noma ta ba ya so a yanke kafin ya girbe, kullum a zo kotu ya kawo uzuri a ɗage, wannan he dragged out the case ne. Sai ka kula sosai a nan domin wurin da suke kama yara kenan: in it ne ko them, tsakiya yake shiga, he dragged it out, ba a cewa dragged out it ko kusa. Spin out da draw out kusan duk tafiyarsu ɗaya da drag out, sai dai spin out mutanen Ingila sun fi faɗinsa, kuma sau tari akwai wayo a ciki, irin na ɗan ƙwadagon da ake biya kullum ya mayar da aikin kwana biyu na mako guda.

'Yar Gumel:
Malam an bar masa eke out. Shi fa ba ɗan gidansu ba ne, ba jan rai a ciki, cancanawa ce. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu cikin Agusta uwar gida tana ta maleji har sabon gero ya shigo, she eked out the grain. Wannan ai yabo ne ba zargi ba.

Na Malam Madori:
Hhh to ni pad out na fi sani wlh. WAEC ta ce essay kar ya gaza kalma 450, kai kuma maganarka ta ƙare tun a 200, sai ka yi ta maimaita zance kana canja masa riga dan takarda ta cika.

Malamin Turanci, Ringim:
Gaskiyarki 'yar Gumel, na gode. Kai kuma na Malam Madori masu makin suna gane wannan cikon tun daga layi na uku. Ɗan Jahun, rubuto min jimla biyu yanzu, ɗaya da on ɗaya da out, a kan telan da ya riƙe maka ɗinkin sallah.

Ɗan Jahun:
To Malam Allah ya ƙara ilimi, cajina saura kaɗan, bari in kai wayar shagon caji in dawo.