Neman kalmar Hausa: wasannin kwamfuta da mutum ɗaya ko 'yan tsiraru ke yi

Mai Shirin Matasa, Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ranar Asabar zan gabatar da shiri na minti 20 a rediyo nan Kumasi a kan wasannin kwamfuta waɗanda ba manyan kamfanoni ke yi ba, kuma dole in miƙa rubutun ranar Alhamis. Da Turanci ana ce musu indie, amma da na faɗi kalmar a gaban mahaifiyata sai ta tambaye ni ko wasan Indiya nake nufi, kuma na tabbata yawancin masu saurare haka za su ji ta. Zan buɗe shirin da Stardew Valley, wasan noma da kiwo wanda wani Ba'amurke, Eric Barone, ya shafe fiye da shekara 4 yana yi shi kaɗai, shi ne mai rubuta manhaja, shi ne mai zane, shi ne mai kiɗa, har ya fito a watan Fabrairun 2016. Zan kuma kawo Hollow Knight na 2017, wanda mutum 3 suka yi a Ostireliya. Wace kalma ce za ta ɗauke su duka?

Malama, Nima:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Asalin kalmar daga 'yancin kai ne, kuma mun daɗe muna cewa makaranta mai zaman kanta da lauya mai zaman kansa. Sai dai wasan ba ya zaman kansa, mai yin sa ne ke zaman kansa, don haka ka ce wasannin masu zaman kansu. Ka kula da harafin nan na ƙarshen wasannin, domin idan ya faɗi a bakinka ma'anar ta sauya gaba ɗaya.

Tela, Asawase:
Malama, harafi ɗaya a rediyo bai da tabbas, musamman ga wanda ke saurare a cikin hayaniyar kasuwa. Ni da za a bi tawa, da an ce wasa ƙirar gida.

Malama, Nima:
Ƙirar gida tana nuna ƙasar da aka yi abu, kamar yadda ake cewa bindiga ƙirar gida. Wasannin Leti Arts, kamfanin da Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, su ne ƙirar gida a wurinmu, amma wanda aka yi a Amurka ba zai shiga ba.

Tsohon Malamin Makaranta, Sabon Zango:
'Ya'yana, kun fara gini ba ku tona harsashi ba. Yaron nan ya rubuta kwamfuta tun a layin farko alhali muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma jikokina har gem suke cewa, kamar wasa ba kalma ba ce. Game da abin da ake nema kuwa, na kwana ina tunani, kuma ina ba da shawarar ƙirar tilo, mai yin ta kuma a kira shi maƙeri tilo. Ƙira sana'a ce ta kaka da kakanni, tana ɗauke da wuta da zufa da haƙuri, kuma mutumin da ya zauna shekara 4 a ɗaki ɗaya yana bugun abu guda maƙeri ne ko da bai taɓa riƙe masaba ba. Kalmar gajera ce, tana da daɗin faɗi, kuma babu aro a cikinta.

Mai Shirin Matasa, Aboabo:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ƙira ta kwanta mini ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne tilo, domin idan aka ce maƙeri tilo, ni ina jin kamar babu wani maƙeri a garin sai shi, kamar yadda ake cewa ɗa tilo. Kuma yaya zan yi da mutum 3 na Hollow Knight?

Tsohon Malamin Makaranta, Sabon Zango:
Mutum 3 a gaban kamfanin da ke ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata tilo ne. Kalma tana faɗaɗa idan aka yi amfani da ita, kuma da ba haka ba, da jirgi bai tashi daga kan ruwa ya hau sama ba. Ka faɗi ƙirar tilo sau 3 a shirinka, ka ga ko yara ba su ɗauka ba.

Ɗalibi daga Kano, KNUST:
Da neman afuwar manya, ina ganin ba a nan ya kamata a yanke irin wannan hukunci ba. Akwai masana a Jami'ar Bayero waɗanda aikinsu ke nan, su ne suka fitar da ƙamus a 2006. Na zauna a Kumasi shekara 2 ina karatu a jami'ar KNUST, kuma Hausar da nake ji a zango ba ta bambanta namiji da mace, ana ce wa mace ya zo, ga Turanci da Tuwi, harshen mutanen Asante, sun cika ta. Idan kowane gari zai ƙirƙiri tasa kalmar, ina daidaitacciyar Hausa za ta tsaya?

Hajiya, Mamobi:
Ɗana, maganarka ta yi mini zafi, kuma zan amsa maka a tsanake. Kakanninmu sun zo Gwanja fataucin goro da Hausa a bakinsu, kuma ba su ajiye ta a hanya ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Salaga da Kete Karaci ya yi zamansa da rubuce-rubucensa na ajami har ya rasu a 1934, kuma masana na can wajenku suna karanta shi har gobe. Gidan rediyon ƙasar nan yana watsa labarai da Hausa tun kafin a haife ka. Gaskiya ne mun saki namiji da mace a magana, amma mai sauraren da yaron nan zai yi wa magana a Aboabo yake zaune, kuma kunnensa ne alƙali.

Malama, Nima:
Ko kalmar wasa ita kanta ba a haɗu a kanta ba, domin a Kano namiji ce, amma a Sakkwato da Nijar za ka ji ana cewa wasar. Ba a taɓa ce musu ba su da ikon yin magana a kan harshensu ba.

Ɗalibi daga Kano, KNUST:
Hajiya, ki gafarce ni, ban yi nufin raini ba. Amma ina nan a kan cewa ƙirar tilo ba za ta karɓu a Kano ba.

Tsohon Malamin Makaranta, Sabon Zango:
Ba Kano na ƙera wa ba.

Mai Manhaja, Madina:
Iyayena, ku ba ni dama in dawo da mu kan tambayar, domin wannan sana'ar nake koyo, kuma ina ganin mun tsaya ƙidayar kawuna alhali ba nan maganar take ba. Abin da ke raba waɗannan wasanni da na manyan kamfanoni shi ne wanda ke da ikon cewa a yi ko a bari. Ku dubi Minecraft, wanda Markus Persson na Suwidin ya fara shi kaɗai a 2009. A 2014 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 2.5, kuma daga ranar babu mai sa shi a cikin wannan rukuni, ko da yake ƙirar farko ta mutum ɗaya ce. Ku dubi kuma Flappy Bird na Dong Nguyen, ɗan Biyetnam. A watan Fabrairun 2014, lokacin da wasan ke tashe a duniya, ya cire shi daga kasuwa don ra'ayin kansa, kuma babu wanda ya isa ya hana shi, domin ba shi da ubangida. Wannan shi ne ma'anar kalmar a wurin masu sana'ar.

Duk wanda ya san Suwame, unguwar gyaran motoci ta Kumasi, ya san bambancin bakaniken da ke karɓar albashi da wanda ya buɗe rumfarsa da yara 2, yana yanka farashinsa, riba tasa, asara tasa. Na biyun muke nema wa suna. Ba wai ba ya hulɗa da kowa ba ne, domin Steam, kasuwar sayar da wasanni a intanet, tana karɓar dala 100 kafin a sa wasa, sannan ta cire kashi 30 cikin 100 na ciniki, kuma wasu suna haɗa kai da dillali don talla, kamar yadda mai wasan Balatro ya yi da kamfanin Playstack a 2024. Amma wuƙa da nama suna hannunsa. Saboda haka ina ba da shawarar wasannin masu cin gashin kansu, sannan idan mutum ɗaya ne ya yi komai, a ƙara da cewa ƙirar mutum ɗaya, a ɗauki rabin kalmar Baba.

Malama, Nima:
Bayaninka ya gamsar da ni, ƙanena, amma cin gashin kai tana da ƙanshin siyasa, domin a labaran ƙananan hukumomi da yankunan da ke neman ɓallewa aka saba jin ta. Kuma ta fi tawa tsawo. Duk da haka ta fi tawa nuna rashin ubangida, wannan kam na yarda.

Tela, Asawase:
A bakin mutane ana ce wa yaron da aka yaye daga koyon ɗinki ya fara cin gashin kansa, don haka masu sana'a za su gane ta nan take.

Mai Shirin Matasa, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan rubuta. A farkon shirin zan ce wasannin masu cin gashin kansu, in bayyana ta da misalin Suwame, sannan in kira Stardew Valley ƙirar mutum ɗaya, Hollow Knight kuma ƙirar mutum 3. Zan bar kwamfuta yadda take, Baba ka yi haƙuri, domin na'ura mai ƙwaƙwalwa sau 15 a minti 20 za ta cinye mini lokaci.

Tsohon Malamin Makaranta, Sabon Zango:
Kun ɗauki ƙira kun yar da tilo, kun mayar da kalma 2 sun zama 4, kuma ban gamsu ba. Tun da shirinka ne, ka yi yadda ka gani, amma idan aka buɗe layin waya ranar Asabar zan kira, kuma ƙirar tilo zan ce.

Mai Shirin Matasa, Aboabo:
Za a buɗe layi a minti 5 na ƙarshe, Baba, kuma zan gaya wa mai karɓar kira ya sa ka a farko.