Wane saiti za mu bar wa sababbin ɗalibai a Vim?

Malam Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Ajin Asabar da Lahadi zai koma, an gama zuba Debian, wato wani nau'in Linux, a injinan duka. Matsalar ita ce injinan nan su ne dai manyan ke aiki a kai da daddare. Sababbin ko taminal ba su taɓa buɗewa ba, manyan kuma ba sa son a taɓa musu komai. In bar Vim, editan rubutun da za su yi aiki da shi a taminal, yadda ya zo, ko in gyara masa saiti?

Bakano: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ka ba su nano, editan nan mai sauƙi, ka huta.

Maman Hanif: Ni ma abin da zan ce kenan. Nano a ƙasan allo yake rubuta wa mutum yadda zai fita. Su kansu mutanen Fedora Linux tun fitowa ta 33, a 2020, suka mayar da shi editan da ke fara buɗewa, don sabon shiga yana buga git commit sai ya tsinci kansa a cikin Vim, wurin da bai san ƙofa ba.

Ɗan Zariya: Bakano da son sauƙi. Har edita ma sai wanda ba a wahala.

Bakano: Kai da ka iya, shekara nawa ka yi kafin ka gane :wq, umarnin adanawa da fita daga Vim? An ce da kashe soket kake fita.

Ɗan Zariya: Ba ni kaɗai ba ne ai. Tambayar yadda ake fita daga Vim ta haura kallo miliyan ɗaya a Stack Overflow, shafin tambayoyin masu rubuta manhaja, tun 2017. Na tabbata rabinsu 'yan Kantin Kwari ne.

Injiniya: Malam, kafin waɗannan biyun su cika mana zaure, ga tawa. Duk abin da za ka yi, kada ka zuba ra'ayinka a fayil ɗin da ya shafi kowa. A wani wuri da na taɓa aiki, akwai wani bawan Allah gwani, gwani na gaske, ya kwashi vimrc ɗinsa na gida, wato fayil ɗin saitin Vim, ya juye a saitin injin gaba ɗaya, wai taimako. Bai gaya wa kowa ba. A ciki ya sa expandtab, wato duk tab da ka danna sai ya koma tazara. Wata yarinya da muke koya wa aiki ta gyara layi ɗaya a Makefile, fayil ɗin da layukan umarninsa dole su fara da tab, abu ya tsaya cak, sai missing separator yake ta fitarwa. Ta duba, na duba, ido ba ya ganin bambanci, domin a allo tab da tazara kamarsu ɗaya. Har ta fara cewa ita wannan harka ba da ita ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Ya kuma sa noswapfile, wai ƙananan fayilolin .swp ɗin nan suna ɓata masa wuri, alhali a cikinsu Vim ke riƙe aikin da ba a kai ga adanawa ba. Rannan ina tsakiyar rubutu mai tsawo aka ɗauke wuta, batirin inbata kuma ya riga ya gaji. Ban damu ba, na san da vim -r zan dawo da aikina. Wuta ta dawo, na buga, babu komai. Wallahi sai da na fita waje na sha iska. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, wa ya aike ka kashe wannan?

Abin da na lura shi ne, gwani yana da fayil ɗinsa, duk abin da ka saita minti ɗaya ya ishe shi ya juya shi. Sabon shiga ne bai ma san ana juyawa ba, abin da ya tarar shi ne Vim a wurinsa. Don haka saitin farko nasa ne. Amma ka tsaya ga abin da ke nuna masa hanya: launin rubutu, lambar layi, showmode don ya ga INSERT a ƙasa. Kada ka canza masa aikin maɓallai, gobe zai shiga sabar wani ya rasa hannunsa.

Maman Hanif: Yarinyar ta ci gaba dai?

Injiniya: Ta ci gaba Hajiya, yanzu ita ke koya wa wasu.

Abu Ammar: Shi ma Bram Moolenaar, wanda ya ƙirƙiro Vim, irin tunanin da ya yi kenan a Vim 8.0, a 2016, da ya kawo defaults.vim. In ba ka da vimrc naka, shi ake loda maka: launi, incsearch, da sauransu. In kana da naka, ko da babu komai a ciki, sai a ƙyale ka.

Ɗan Zariya: Eh, a ciki kuma ya kunna linzami. Ranar da Debian 9 ta fito, tsofaffin hannu suka wayi gari ja da linzami ba ya kwafar rubutu yadda suka saba. An sha surutu.

Abu Ammar: Ka riƙe Shift kana ja, ko ka sa set mouse= a fayil ɗinka. Shi kenan fa.

Ɗan Zariya: To ashe gwanin ma ana iya ɓata masa rana, Injiniya.

Injiniya: Rana ɗaya. Ka ga har yanzu ana tuna maganin.

Abu Ammar: Malam Bashir, ka kula da abu guda. defaults.vim bayan saitin injin ake loda shi, don haka zai iya take abin da ka rubuta a /etc/vim/vimrc, ka yi ta mamaki. Gara ka ajiye ɗan gajeren .vimrc a /etc/skel, duk sabon akawun da ka buɗe zai samu kwafinsa. Na manyan da ke nan tuntuni ba abin da zai same su.

Bakano: Duk wannan dogon lissafi saboda ƙin nano.

Ummi: Don Allah ni tambayata daban ce. Yaya ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ a ciki? Kibod ɗina ba shi da su.

Abu Ammar: Kina cikin INSERT, Ctrl-V sai u sai lamba. 0199 na ƙ, 0257 na ɗ, 0253 na ɓ. Ki tabbatar encoding na kan utf-8.

Ummi: Kowane harafi sai na haddace lamba? Cab.

Bakano: Barka da zuwa Vim, ƙanwata.

Maman Hanif: Ummi ki saita kibod ɗin Hausa a injin gaba ɗaya, ya fi miki. Ki yi min magana ta gefe.

Malam Bashir: Na gode ƙwarai. Kenan in sa linzamin ko in kashe?

Injiniya: Sa.

Ɗan Zariya: Kashe.

Abu Ammar: Ka fara zaunar da su su yi vimtutor, rabin awa ne.

Bakano: Injiniya, inbatar nan da ta ci amanarka, ka canza batirin kuwa? Akwai wani yarona da ke kawowa, zan sa a yi maka ragi.