Muhawara: Yara ko dattawa, su wa ke raya kulob ɗin jirgi marar inji?

Auta: Salamu alaikum. Ni maganata ɗaya ce: duk kulob ɗin jirgin sama marar inji da bai jawo 'yan sakandare ba, a tsaye yake mutuwa. A nan Jamus ɗan shekara 14 ana sakinsa ya tashi shi kaɗai, yana 16 ya karɓi lasisi, tun bai isa tuƙa mota ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kawu: Wa alaikumus salam. To Auta, wa ya sayi ASK 21 ɗin, jirgin nan mai kujera biyu da yaron yake koyo a ciki? Wa ke zama a kujerar baya yana koya masa, ba a biyansa ko sisi? Masu furfura ne. Yaro rangwame ake yi masa, da ya samu jami'a a wani gari sai dai ka ji labarinsa. Ɗan hamsin kuwa idan ya zo, ya zo ke nan.

Auta: Kawu, da girmanka, wasunku ne ke korar mu. Ranar da na fara zuwa kulob ɗinmu na fi awa biyu a bakin fili, ba wanda ya ce mini ci kanka.

Hajiya: Ku biyun duk kun tsallake na tsakiya. Ina 'yan talatin da 'yan arba'in? Ba kuɗi ne ya hana su ba, lokaci ne. Ku duba Asabar ɗaya. Da safe a turo jirage daga rumfa da hannu. Kafin mutum ɗaya ya tashi sai wani ya riƙe bakin fiffike ya ruga da shi, wani yana can ƙarshen fili a kan injin jan wayar da ake ɗaura wa jirgin, wani ya dawo da wayar a tsohuwar mota, wani yana rubuta lokaci. Wayar ta cilla ka sama kamar mita 400 cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan ba ka dace da iskar zafin nan mai hawa sama ba, wadda shaho ke kewayawa a ciki bai kaɗa fiffike ba, minti shida ko bakwai ka sauko. Yini guda, tashi uku. Mai yara biyu a gida zai jure wannan kowane mako? A bar mutum ya kama rabin yini ta wayar salula, ya yi nasa ya tafi.

Malam: Hajiya, wannan turin da gudun ai su ne arahar. Da aka hana Jamus jiragen yaƙi bayan yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919 da ta biyo bayan yaƙin duniya na ɗaya, aka kuma takura masu inji, ɗalibai ne suka hau tudun Wasserkuppe a 1920 da jiragen da suka harhaɗa da hannunsu. Tun asali aikin gayya ne. In kowa zai tashi ya wuce, sai an ɗauki ma'aikata. Babban kulob irin Lasham a Ingila zai iya, ƙaramin na ƙauye fa?

Ɗan Zango: Mu a Gana mun taɓa gani. Nkrumah ya kafa makarantar irin wannan jirgi a Afienya, Hanna Reitsch, matuƙiyar jirgi 'yar Jamus, ce ta riƙe ta daga 1962 har aka yi juyin mulkin 1966 ta tafi. Abin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ne nake tsoro, yaro ne ko tsoho.

Hajiya: Malam, ban ce a daina gayya ba. A raba ta biyu, 'yan safe da 'yan yamma.

Kawu: 'Yan yamma su kwashe iska mai kyau, na safe su sha turi? Za a yi rigima.

Auta: Sai a riƙa juyawa mana.

Kawu: To madalla. Asabar mai zuwa kai ne a kan injin waya tun ƙarfe tara, ni in zo bayan azahar.

Auta: Kawu, jarrabawa gare ni ranar Litinin.