Me za mu kira "kompozit" da Hausa?

Malamai da ɗalibai masu rubuta kimiyya da Hausa, ga kalmar da ke ba mu wahala: kompozit, wato abin da aka samar daga abubuwa biyu ko fiye masu hali daban-daban. Bari mu auna ta a kan aiki na zahiri.

Ana ɗauko selulos, sinadarin da ya gina bangon ƙwayoyin tsiro, wanda Bafaranshen nan Anselme Payen ya fara warewa a 1838. Auduga kusan kashi 90 cikin ɗari selulos ce. Sai a jiƙa ta a ruwan gishirin ƙarfe ta sha ta ƙoshi, a busar. Daga nan a rufe ta a tanderu, a hura naitrojin ya kori oksijin, a ɗaga zafi zuwa digiri 500 ko 600. Da yake babu oksijin, ba ta cin wuta ta zama toka. Rikiɗewa take yi ta koma kabon, baƙi ƙirin, mai ƙananan ƙofofi. Gishirin kuwa ya koma oksayid ɗin ƙarfe (ƙarfe haɗe da oksijin), ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowace a maƙale cikin jikin kabon.

To, wannan baƙin garin me sunansa?

Wasu sun ce cakuɗe. Ban yarda ba. Abin da aka cakuɗa ana iya tankaɗe shi ko a tsince, kowa ya kama gabansa. Nan kuwa barbaɗa garin cikin gurɓataccen ruwa, kabon ya tsotse dattin, sannan ka kara maganaɗisu a jikin kwalbar. Garin duka zai taho ya manne a gefe, har da kabon ɗin da maganaɗisu ba ya ja, domin oksayid ɗin ya janyo shi tare.

Wasu sun ce gami. Wannan ya fi kusa, amma a bar shi ga ƙarafan da aka narka suka zama ɗaya. (Wanda ya ce gamin gambiza, mun ji, mun yi dariya, mun wuce.) Haɗi shi kaɗai kuma ya yi faɗi, komai yana shiga.

Ni dai shawarata: ɗamfare. Abu biyu sun ɗamfaru, ba sa rabuwa, amma kowanne yana nan da halinsa, kamar siminti da rodi. Dubi batir, in an sa wannan garin a ciki: oksayid yana ɗaukar caji da yawa, sai dai ba ya barin lantarki ya ratsa shi sosai, kuma yana kumbura ya tsattsage in ana caji. Kabon ne ke kai masa lantarkin, ya kuma tare kumburin.

Ku gwada a baki: "An samar da ɗamfaren kabon da oksayid ɗin ƙarfe daga auduga." A kunnena ta zauna daram.

Saura jam'i. Malaman nahawu, Allah ya ƙara ilimi, za mu ce ɗamfarori ne, ko mu tsaya a "nau'o'in ɗamfare"?