Wa ya taɓa aiki da peptid ɗin saɓar ƙwari a nan Yamai?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Ni ɗalibi ne, ina mastar a fannin noma, aikina kan murzuna ne wadda ke cin zangarniyar hatsi. Malamina ya ce in nemi peptid (wato guntun furotin) na ormon ɗin da ke sa tsutsa saɓa mu gwada a labo, to na shiga intanet na ga ETH, na ga PTTH, na ga ekdizon, kowanne an rubuta na bincike ne kawai, kuɗin kuma wallahi sai da na rufe waya na sake buɗewa. Wanne ne ainihin na saɓar? Kuma in ya yi aiki ba za a iya fesa shi a gona ba?

Tsohon labo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire ekdizon daga lissafi, shi ba peptid ba ne sam, siteroyid ne da ƙwaro ke ƙerawa daga kolesterol ɗin abincinshi. A 1954 masana kimiyya Butenandt da Karlson suka tace shi a Jamus, kilo 500 na tsutsar siliki suka narka don miligiram 25 kacal.

Aikin jere yake. PTTH na fitowa daga ƙwaƙwalwa ya tada ƙullin da ke yin ekdizon, ekdizon ya sa a gina sabuwar fata ƙarƙashin tsohuwa, sai in ya fara ja baya sannan ETH ya fito daga wasu ƙwayoyi da ake kira Inka, manne da bututun numfashi, ya ce to bisimilla a tuɓe. An gano ETH 1996 a tsutsar taba Manduca sexta, asid amine 26 ne, wato tubalan da ake jerawa a yi peptid. Bayanshi akwai ormon ɗin ƙyanƙyasa mai asid amine 62, da wani peptid ɗin da ake kira CCAP mai 9, sai bursikon wanda ke taurara sabuwar fata ya baƙanta ta. In motsin saɓar kake son gani da idonka ETH kake nema. Shi kuma gajere ne, ana haɗa shi a inji ɗaya bayan ɗaya da dabarar da masanin kimiyya Merrifield ya fito da ita 1963, PTTH babba ne ba a haka ake samo shi ba.

Yaya mai kiwon fara:
Abin da Malam bai faɗa maka ba shi ne lokaci, nan ne kuɗi ke ƙonewa. Ni na taɓa yi, na yi ma tsutsotsi allura da rana tsaka don ina sauri, suka kwanta abinsu kamar ruwa na zuba musu, wasu kuma suka yi ta murɗawa suna matse jiki har suka gaji fata ba ta fita ba don ba ta gama sakin jiki ba. Sai ka zauna ka san tsutsarka tukuna, ta bar ci, ta yi lamo, ƙoƙon kanta ya zame gaba kamar hular da ta yi ma yaro yawa, ka ga sabbin muƙamuƙai sun fara duhu ta ciki. A lokacin nan ne allura ke kamawa, a Manduca cikin minti 2 zuwa 10 take fara motsi. Sai ka kwana a labo da toci, ba ruwan tsutsa da barcinka.

Sannan wajen sayen, dubi takarda a ga wutsiyar peptid ɗin na da amid, wato ɗan sinadarin da ke rufe ƙarshenshi, in babu kusan ka sayi gari ne kawai. Ka nemi sakamakon HPLC, gwajin da ke nuna tsabtarshi. Busasshe yake zuwa, ɗan fari-fari a gindin kwalba har ka rantse an cuce ka, yana jure tafiya a haka, amma da ka narka shi raba shi ƙanana-ƙanana ka sa a sanyin digiri -20, kar ka yi ta narkewa kana daskarewa. Mu wuta ta ɗauke mana kwana biyu a watan Afrilu, gurup bai tashi ba, ba sai na ƙarasa ba.

Ɗan Ader:
Kai Yaya Allah ya mayar da alheri. To na ƙudan Drosophila na gani da araha, zai yi ma murzuna?

Tsohon labo:
Kar arahar ta ja ka. Na ƙuda guda biyu ne, mai 18 da mai 15, kuma murzuna dangin malam-buɗe-littafi ce, ta fi kusa da Manduca da tsutsar siliki, to can za ka fara. Batun feshi kuma manta da shi, peptid ba ya ratsa fatar ƙwaro, in ya ci cikinshi ya narka shi kamar sauran abinci. Magungunan gona da ke taɓa saɓa irin su tebufenozid kwaikwayon ekdizon suke yi, su tilasta tsutsa saɓar da ba ta shirya ba ta mutu a ciki. Kuma bedin da ke ƙofar gidanku a Tawa, sinadarin azadiraktin ɗin cikin ɗiyanshi yana dagula wannan jerin ormon ɗin.

Ɗan Ader:
Madalla Malam. Gobe zan je ma malamina da maganar bedin, in ya nace kan ETH to sai ya fara nemo mana firigo mai sola.